Faifan Sama da Idon Ɗiyata

A shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, maigidana hoto yake ɗauka a Yelwa. Yana da ɗan shago kusa da tasha, da labule mai zanen bene da furanni wanda mutane ke tsayawa gabansa, da wani ɗan ɗaki a baya marar taga inda yake wanke hotunan. Lokacin kowa neman aiki yake a Birnin Kebbi, kuma ba a karɓar takarda sai da hoton fuska, don haka tukunyarmu ba ta taɓa kwana ba wuta ba. Gidanmu yana ƙarshen gari ta wajen ruwa. Da yamma ƙamshin bandar kifi yakan shigo har ɗaka, kana jin injin jiragen da ke komawa ƙauyukan bakin tafki.

Ni 'yar bakin ruwa ce, daga wani ƙauye na wajen Wara. Boko ban yi nisa ba, rubutun nan ma a ajin manya na ƙarasa koyonsa daga baya. Abin da na tashi da shi tun ina yarinya biyu ne, ɗinkin faifai da damuwa. Innata takan ce ko ruwan randa na ga ya motsa sai na tsaya na tambayi dalili.

Ɗiyarmu ɗaya ce a lokacin, 'yar fari, ta kusa isa shiga makarantar allo. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Yarinyar nan" nake ce mata, ita kuma Yaya take ce mini, don abin da ta ji ƙannena suna kirana ke nan. Bakina ya kiyaye al'ada, amma idona bai taɓa barin ta ba. Ina ɗinki ina kallon ta ta gefen ido. Na san tarinta na ƙarya, na san na gaskiya.

Wani baƙon malamin kimiyya da ke koyarwa a wata sakandare yakan kawo wa maigidana fim ya wanke masa, har suka saba. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar masa madubin hangen taurari da wasu littattafai. A amalanke aka kawo kayan. Farin bututu ne mai kaurin turmi, tsawonsa ya kusa kai na mutum, madubin yana can gindinsa, an ɗora shi kan ƙafafu uku da aka shafa wa farin fenti. Ni dai "bututun" nake ce masa, har ya zama sunansa a gidan.

Kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka maigidana, Malam, ya fara duba. Wata tsohuwa ta shigo da goro ɗaure a bakin zane, ta ja ni gefe.

"Ɗiyata, ki yi mini ƙoƙari wurin maigidanki. Ya dubo mini tauraron ɗana da ya tafi Ikko, ko yana da niyyar dawowa."

Na ce, "Baba, wannan bututun bai san kowa ba. Kallo kawai yake."

Ta ce, "To kallon mi, in ba a ganin kowa?"

Ni ma a lokacin tambayar da ke raina ke nan.

Da farko farin wata Malam ya nuna mini. Na sa ido na ga duk jikinsa ramuka kamar tandar masa, na ja da baya ina salati. Amma shi ba wata ne ya ɗauke masa hankali ba. Wani shafi ne a cikin littafin, ya buɗe shi har ya yi laushi. Ranar da ya nuna mini, ina gani na ce, "Ai wannan faifai ne." Ga cibiya a tsakiya an matse ta, ga ɗinki ya taso daga cikinta yana zagayawa yana faɗi, daidai yadda nake fara nawa.

Ya yi dariya ya ce, "To faifan Allah ne. Duk abin da kike gani a nan taurari ne, ba mai iya ƙirga su. Mu ma cikin wani irinsa muke zaune. Wannan yana can nesa, nisan da in na faɗa miki za ki ce na fara shaye-shaye."

Na ce, "Me ya sa tsakiyar ta fi haske?"

Nan ya gyara zama, don na taɓo inda yake so. Ya ce irin waɗannan faya-fayan suna da yawa a sama, mafi yawansu cibiyarsu a kwance take, amma ta wannan a farke take, ci take yi. Masu littafin suna ganin akwai wani abu a tsakiyar mai ja, duk abin da ya matso sai ya shiga zagaya shi da gudu, ya yi zafi, ya yi haske, sannan ya shige ba a sake ganinsa. Na tuna wani wuri a kogi da aka hana mu wanka muna yara, inda ruwa ke juyawa yana jan kara ƙasa.

Na ce, "Malam, ba zai jawo mu ba dai?"

Ya ce, "Ke, ko abin da ke bayan duniya sai kin samo masa damuwa? Kwantar da hankalinki. Burina dai in ɗauki hotonsa da hannuna, daga tsakar gidan nan."

Abin da na gane daga baya shi ne, ido ba ya ganin faifan kamar yadda yake a littafi. In ka leƙa bututun, ɗan ɗigo ne kamar an ɗiga nono a baƙin zane. Sai an ɗaura kyamara an buɗe idonta, an bar shi a buɗe gwargwadon dahuwar wake, tana tara hasken kaɗan-kaɗan. Ga shi kuma sama ba ta tsayawa, tafiya take yi daga gabas zuwa yamma, dole bututun ya bi ta. Don haka Malam yakan duƙa ya sa ido a wani ƙaramin bututu da ke goye a bayan babban. Ya gitta siririn zaren fatsa biyu a ciki, ya ɗora tauraro ɗaya a mahaɗarsu, yana murɗa wani ɗan abu kamar na rediyo a hankali, kada tauraron ya sauka daga kan zaren. In ya ɗaga kai, ko wani ya taɓa ƙafar bututun, aikin ranar ya tashi a banza.

Saboda haka gidanmu ya samu dokoki. Tuwo da wuri, a kashe wuta kafin magariba ta wuce. Ba fitila, ba ƙwan lantarki. Tocilarsa ma ya naɗe mata baki da jan ɗankwalina, wanda ya yanka bai tambaye ni ba, ya ce jan haske ba ya rufe ido. In aka ɗauke wuta gari ya ɗauki tsaki, shi kaɗai ne ke cewa alhamdu lillahi. Sannan ba daka. Ya rantse taɓarya tana girgiza ƙasa har cikin hotonsa. Maƙwabciyata mai son dakan dare ta samu abin tsokana, takan leƙo ta katanga ta ce, "A gaya wa Malam zan daka yaji, ya riƙe taurarinsa da kyau kada su zubo mana."

Ni kuwa ba na ɓoyewa, daɗin waɗannan lokuta nake ji. Mazan unguwa in sun yi sallar isha'i teburin mai shayi suke wucewa, nawa gida yake dawowa. In shimfiɗa tabarma, mu zauna shiru. Ya koya mini cewa ido yana da buɗewa ta biyu. In ka zauna cikin duhu ka yi haƙuri, sai taurarin da ba ka gani ɗazu su riƙa fitowa, har ka ga hannunka, ka ga randa, ka ga igiyar shanya. Ya kuma koya mini in abu ya dushe kada in kafa masa ido, in kalli gefensa, sai ya fito. Na ce masa wannan kam na daɗe da iyawa, haka nake kallon yarinyar nan.

A bazarar shekarar ta yi ƙyanda. Ta tashi, Allah ya rufa asiri, amma ta rame, kuma ta tsani abinci, daga kunu sai gayan tuwo. Da damina ta yi nisa na fara lura da wasu abubuwa. Da rana ba wanda ya kai ta gudu. Amma da an kira magariba sai ta nemi bango ta jingina, ko ta riƙe mini zane. Yara su kira ta wasa ta ƙi. Wata rana na ga hannunta yana lalube a tabarma yana neman kwanon da ke gabanta. Na ce a raina ƙiwa ce, ciwo ya shagwaɓa ta. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa, don ɗayan tunanin ba na son ko kusantarsa.

Da ruwa ya ɗauke, sama ta fito tas kamar an wanke ta, ga shi wata ba ya fitowa da wuri. Malam ya ce lokacin da yake jira ke nan. Bayan isha'i ya kafa bututun, ya nemo faifansa ta gabas, ya buɗe kyamara ya duƙa. Yarinyar tana zaune kusa da ni. Can na tashi na zagaya ɗaya gefen, wurin randa, in sha ruwa. Sai na ji ta ce, "Yaya?" Na ce, "Ga ni nan." Ta miƙe ta biyo muryata.

Ina kallon ta. Ƙafar bututun fara ce fat, ni daga inda nake ina ganin ta sarai. Yarinyar ta nufo ta kai tsaye, idonta a buɗe, ba ta ko rage tafiya ba, ta gwabza goshi ta faɗi zaune.

Malam ya ce, "Inna lillahi!" Na san rabin salatin na hoton ne. Amma kafin ya rufe baki ya saki abin murɗawar ya sunkuce ta. Ni ma na manta da wata kunya, na karɓe ta na rungume. Da kukan ya lafa na ɗaga mata haɓa sama. Daren nan taurari sun cika sama har kamar za su taɓa rufin ɗaki.

Na ce, "Duba can. Me kika gani?"

Ta ce, "Ba komai."

"Duba da kyau."

"Yaya, duhu ne. A kunna fitila."

Kakana na wajen uwa makaho ne. A ƙauyenmu na bakin kogi ba shi kaɗai ba ne, akwai wata inuwar tsamiya da tsofaffi irinsa ke zama a jere, kowa da sandarsa. An ce dukansu da idonsu aka haife su, kamun kifi suke yi, abin ya fara musu da ƙaiƙayi da rashin gani da yamma. Ina riƙe da ɗiyata, inuwar tsamiyar nan kawai nake gani.

Da safe Malam ya ce asibiti za mu. Ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idon ta leƙa, ta tambaya ko ta yi ƙyanda, na ce ta yi. Ta yanke bakin wani ɗan jan magani mai kama da ƙwan kifi ta matse mata a baki, ta ce mu dawo gobe a ƙara, kuma a dage da hanta da manja da ganye. Ta ce ba irin makantar bakin kogi ba ce. Na ce to. Amma a hanya ina ta saƙe-saƙe, yaya za a yi mutum ya leƙa ido sau ɗaya ya san abin da ke ciki? Ranar kasuwa na ba wani mai jirgin garinmu saƙo wurin Inna.

Kasuwa ta gaba sai ga ta, da ƙunshin busasshen kifi da zogale a ka. Ko ruwa ba ta sha ba ta jawo jikarta gaban haske.

"Zo nan, ƙawata, in ga idon da aka tayar mini da hankali a kai." Ta juya fuskar nan, ta juya can. Sannan ta dube ni. "Mi kike ma kuka? Wanga dundumi na. Ni na ja sandar babana har ya koma ga Allah, na san wancan ido. Ba shi ne wanga ba."

Na ce, "Inna, kin tabbata?"

Ta ce, "Ji ta. Kuma ke da ɗiyar fari, kina wanga rawar jiki gaban mutane? Ba ki da ta ido?"

Maganin dundumi a garinmu hanta ce, amma da sharaɗi. Ba a sayen ta. Uban yaro ne zai je da kansa ya roƙo ta wurin mahauci. To Inna da Malam surukai ne, ba sa haɗa ido, ba sa magana kai tsaye. Yana tsaye a zaure, tana zaune a ƙofar ɗaki, ta fuskanci bango ta ɗaga murya.

"A gaya ma maigidan, hanta za shi roƙo. Roƙo na ce, ba saye ba. In ya sa hannu aljihu ta zama nama kawai."

Na juya na ce, "Malam, an ce hanta za ka roƙo."

Ya ce, "A gaya wa Inna na ji. Amma a tambaya mini, in na saya na ce roƙowa na yi, wa zai sani?"

Inna ba ta jira na isar ba. "A gaya mai idon zai sani."

Ya tafi. Da ya dawo da ƙunshin ganye a hannu yana ta dariya shi kaɗai. Wai ya tsaya gaban mahauci da agogonsa da takalminsa sau ciki, ya ce a taimaka masa da hanta saboda Allah. Mahaucin ya ajiye wuƙa ya kira 'yan uwansa. "Ku zo ku gani, mai hoto ya koma bara! Taurarin ne suka cinye jarin?" Da ya ji dalili sai ya yanko mai kyau ya ce Allah ya ba ta lafiya, gobe ma a dawo. Daga baya Malam ya ɗauke shi hoto kyauta, yana riƙe da cinyar saniya. Wannan ba mu gaya wa Inna ba.

Kullum da magariba Inna takan gasa hantar a garwashi, ta lulluɓe kan yarinyar da zane tururin ya shiga idon, sannan ta yayyanka ta ba ta. A hannuna ƙin ci take. A hannun kakarta, da tsokana da "in ba ki ci ba ni in cinye in fi ki kyau," sai ga ta tana lashe yatsa. Miyar zogale da manja ma ta fara shiga.

Sai kuma wata ya tsaya. Kowace yamma yana ƙara girma, tsakar gida ta yi fari, yarinyar tana yawonta ba ta karo da komai. Maƙwabciyata ta ce ai ta warke. Ni ban yarda ba, don a farin wata ko da can tana ɗan lallaɓawa. Na gwada ta a ɗaki na kashe fitila, amma a nan ni ma ba na ganin komai, ita kuma ta haddace ɗakin. Ta kuma gane gwada ta nake. Da na ce "Kina gani?" sai ta ce "Ina gani," tun ban nuna komai ba, don ta ga na saki fuska.

Malam ya ce, "Ki daina tambayar ta. Hasken taurari shi ne ma'auni. Ya ishi lafiyayyen ido, bai ishi mai ciwo ba. Ki jira wata ya ja baya."

Haka muka zauna. Duk unguwa ana murnar farin wata, 'yan mata suna gaɗa a dandali, ni da maigidana muna ɗaga kai muna harararsa, shi don faifansa, ni don ɗiyata. Inna ta ce ba ta taɓa ganin gidan da ake fushi da wata ba sai namu.

Ta ƙi komawa sai ta ga ƙarshen abin. Da rana mukan zauna da kaba muna ɗinki. Wata rana na ɗauko littafin na nuna mata shafin, ban gaya mata ko mene ne ba. Ta kai shi nesa da fuska, ta kawo kusa.

"Cibiyar ta yi kyau," in ji ta. "Amma wadda ta yi shi ba ta ja hannu ba. Dubi bakin duk ya warware. Wa za ya sayi wanga?"

Na ce, "Inna, taurari ne. A sama yake. Halittar Allah ce."

Ta saki littafin a cinyata. "Astagfirullah! Shi ne kika bari na gama zuba? Allah na tuba, ɗinki ya yi, ba inda ya warware."

A hankali wata ya fara makara. Ranar da Malam ya ce yau ba zai fito ba sai mun gama, tun la'asar na kasa zama. Na share tsakar gida har sau biyu, na kwashe duk wani dutse. Ya dawo daga isha'i ya kafa bututun a inda ya saba. Inna ta shimfiɗa tabarmarta can ƙofar ɗaki, nesa da surukinta, ta zaunar da jikarta a gefe. Ni na tafi wurin randa na zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Bututun yana tsakaninmu. Ba wanda ya tsara haka da baki, amma kowa ya san abin da ake yi.

Muka jira ido ya buɗe. Igiyar shanya ta fito, sannan turmi, sannan farar ƙafar nan. Na ji ƙarar kyamara, Malam ya duƙa. Can bakin ruwa kwaɗi suna ta yi, wani jirgi da ya makara yana wucewa. Inna tana yi wa yarinyar hira ƙasa-ƙasa. Ni ina riƙe da moɗa, na ma manta cewa na ɗebo ruwa a ciki.

An daɗe. Sai na ji, "Yaya, ƙishirwa."

Na ce, "Ga ruwa nan."

Ta miƙe. Na ga inuwarta ta baro tabarma ta nufo tsakiya. Na tuna wahalar da Malam ya sha yana jiran wannan dare, na yunƙura zan tare ta. Bai ɗaga ido daga bututun ba, ya ce a hankali, "Zauna. Ƙyale ta ta zo."

Ta taho. Ta iso daf da ƙafar. Ta tsaya. Sai ta ɗan karkata ta zagaye ta, har tana tattare zanenta kada ya taɓa, ta ce, "Baba, ban taɓa maka ba." Ta ƙaraso ta miƙo hannu biyu daidai kan moɗar, ba lalube.

Ta kafa kai tana sha. Da ruwan ya yi ƙasa ta ɗaga moɗar, kanta ya koma baya, sai na ji ta daina haɗiya. Ta sauke moɗar, fuskarta tana sama.

"Yaya, wa ya watsa tsaba a can?"

Daga ƙofar ɗaki Inna ta ce, "Ta kaji ta, ƙawata. Duba gabas, ga kaza can da 'ya'yanta sun taru suna ci."

Na ga kafaɗun Malam suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko wani abu, amma hannunsa bai bar murɗawa ba. Ni kuwa na jawo ta na ɗora a cinya, na sa fuskata a kanta, ina jin ƙamshin hayaƙin hanta a gashinta. Inna tana ganina sarai, duk mun san yanzu ana gani a duhun nan. Sai ta juya ta shiga gyaran bakin tabarma, ta daɗe tana gyarawa.

Da ya rufe kyamarar ya kifa turmi ya ɗora yarinyar a kai ta leƙa bututun. Ya ce kada ta kafa ido, ta kalli gefe. Ta kalli gefen, sannan ta ce ta ga ɗan farin ɗigo, amma na sama sun fi yawa, a sauke ta.

Kashegari ya dawo daga shago da hotuna biyu. Na daren jiya ya faɗaɗa shi iya yadda injinsa zai iya, duk da haka faifan bai fi ƙwayar gujiya ba. Cibiyar ta fito fes, tana haske fiye da komai na kusa da ita. Zagayen kuwa kamar hayaƙi, sai da na kalli gefe na ga ya ɗan murɗa. Bai kai na littafi ba ko kusa. Malam ya ce shi ya ishe shi, daga tsakar gidansa ne. Ya sa shi a gilashi ya rataye a shago, masu zuwa hoton fuska suna tambaya me ya sa ya rataye wanda ya ƙone.

Ɗayan na daren da ta yi karo ne. Ashe ya wanke shi tun tuni bai nuna mini ba. Kowane tauraro a ciki yana da 'yar wutsiya mai lanƙwasa kamar fatsa, duk sun karkata gefe ɗaya, daidai lokacin da goshinta ya bugi ƙafar. Ya ce zai yar. Na ce ya ba ni.

Inna ta koma ranar kasuwa, da faifai sabo da na ɗinka mata, na matse cibiyar sosai na bar bakin sake-sake da gangan. Ta juya shi ta ce Allah ya shirye ni. Da magaribar ranar yara suka kira daga waje, yarinyar nan ta saki zanena ta ruga. Na bi ta har zaure ina cewa ta yi a hankali, akwai rami bakin ƙofa. Ta tsallake shi ba ta ko waiwayo ba.